Ƙofa Ta Bakwai A Bahari

Shafi na 11

Masu cika min waya da "ina ci gaba, Nermin?" tun ranar Juma'a, na gani, ban mutu ba. Haƙarƙarina ne ke ciwo, raina kuma bai yi daɗin da zan zauna rubutu ba. Ke mai cewa jan aji nake yi, Allah ya shirye ki. Ga shi nan ku karanta, kada wanda ya tambaye ni komai yau.

Waɗanda suka shigo a tsakiya, ga inda muke. Wata biyu ke nan da kamfanin zaren da nake wa aiki ya dawo da ni Iskandariyya daga Mahalla, wata biyu ina yawon neman inda ake kung fu na gaskiya. Shekara goma sha ɗaya ina yin sanshu, ɓangaren da ake naushi, a yi shuri, a ɗauki mutum a maka da ƙasa. Sau biyu ina zuwa wasan ƙarshe a gasar ƙasa, sau biyu ina dawowa da azurfa. Bana zinaren nake so. Shekarata talatin da huɗu, na san ba ni da wata baɗi. Ranar Alhamis ake rufe rajista, ba a shiga sai da sunan kulob, sabon kulob kuma ba ya saka sunanka sai tsohon kocinka ya sa hannu a takardar sallama. Ni kuwa Litinin ta same ni ba kulob, ba takarda.

Ƙofa shida na ƙwanƙwasa a garin nan.

Uku daga ciki dama ban yi baƙin cikinsu ba. Ta farko madubi ne bango guda, kowa cikin kayan siliki, ga ƙanshin turare. Na tambayi kocin wace rana ake karawa, ya ce su ba sa koya wa mutane tashin hankali, numfashi suke koyarwa. Na ce masa numfashi tun ranar da aka haife ni nake yinsa, ban taɓa biyan kowa ba. Ta biyu iyaye mata ne jere a benci, kowace tana tambayar maki nawa za a ƙara wa ɗanta a jarrabawar sakandare in ya ci lambar yabo. Buhun naushinsu ko ledar shago ba a cire masa ba. Ta uku wani mai tumbi ne da hotonsa a gefen wani tsoho ɗan Sin, ya ce ya iya kashe mutum da yatsa ɗaya. Na miƙa masa wuyana na ce bismillah. Wai ba zai ɗauki alhakina ba.

Sauran ukun su suka ci min rai. Wurare ne na gaske, da warin zufa, da katifar da ta sha ɗinki. Duk wadda na shiga sai in gyara tsayuwa in ce ni ɗalibar Kyaftin Abdussattar ce na Mahalla. A nan Kyaftin ake ce wa koci. Nan take fuskar koci za ta washe, a kawo shayi, a ce gobe ki zo da kayanki. Goben kuma sai labari ya canza. Ɗaya ya ce wuri ya cika. Ɗaya ya ce ba shi da mace mai nauyina. Na ukun ya aiko a ce min ya yi tafiya, alhali ga babur ɗinsa a ƙofa, injin ma bai huce ba.

Da safen Litinin ɗin ina karyawa da wake da gurasa ina ta mita, Inna Afaf, ƙanwar mahaifiyata da nake zaune a gidanta, tana jina. A ganinta ba wani abin mamaki. Mutanen bakin teku dama kallon 'yan ƙauye suke wa duk wanda ya fito daga wajenmu, in kuma Allah ya rufe wa mace ƙofar da ake dukanta a ciki, ai godiya ya kamata ta yi. Na buɗe baki zan ba ta amsa, gwiwar hannuna ta ture kofin shayin da ta ajiye min.

"Na uku ke nan a satin nan," ta ce tana jawo tsumma. "Duk abin da aka ajiye a hagunki sai ya sha ƙasa."

Na ce mata teburinta ne ƙarami.

Na riga na daina karanta allon da ake kafawa a ƙofa, na koma karanta fuskokin mutane. Da na taso daga aiki na shiga ƙaramar bas, sai na lura da direban ta madubi. Hancinsa a baje, kunnensa ɗaya a murɗe. Shi ma ya lura da safar damben da ke rataye a jakata. Ya tambaya ko ta ƙanena ce, na ce tawa ce, kuma ta kusa yin tsatsa a garinsu na 'yan rawa. Ya yi dariya har da dukan sitiyari.

"Ki je unguwar Bahari, 'yar'uwa. Bayan kasuwar kifi akwai tsohon wurin gyaran kwale-kwale, ba allo a ƙofar. Ki ce Kyaftin Wagdi kike nema. Kada ki shafa turare, asara za ki yi."

Wajen sauka na bugi ƙofar motar da kafaɗar hagu. Na yi tsaki, na tsallaka titi.

Ana idar da la'asar na isa. Tun daga waje na ji abin da kunnena ya yi wata biyu yana nema, ƙarar ƙwauri a jikin buhu da nishin mutumin da aka maka da ƙasa. Rufin kwano ne, fanka ɗaya, tsofaffin tayoyi a gefe, katifa shuɗiya da ta koɗe a tsakiya. Maza a wancan ɓangaren, mata huɗu a wannan. Wallahi saura kaɗan in yi hawaye don daɗi.

Wani gajeren tsoho ya taso da kofin shayi a hannu, silifas a ƙafa, hancinsa ya karkace ya nufi kunnen dama. Na gaishe shi, na gyara tsayuwa kamar yadda na saba.

"Kyaftin, ni ɗalibar..."

"Ban tambaye ki 'yar gidan wa ba ce. Kilo nawa?"

"Sittin."

"Kin yi sallah?"

"Na yi."

"Kin ci abinci?"

"Tun safe."

Ya juya ya kira Hadir. Wata mai faɗin kafaɗa ta bar buhu ta taho tana gyara ɗankwali a ƙarƙashin hular kariya. Daga baya na ji a kasuwar kifi take aiki, 'ya'yanta biyu, kuma ita ce ta ɗaya a birnin a nauyinmu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi daga inda nake. Da na ce Mahalla sai ta taɓe baki.

"Au, masu saƙa tawul."

"Na zo miki da ɗaya ma, za ki buƙace shi."

Matan suka kwashe da dariya. Kyaftin Wagdi bai yi ba. Ya jefo min hular kariya, ya ce turmi uku, minti bibbiyu, wadda ta yi kuka ta wanke banɗaki. Ba na son hular nan, tana rage min gefen gani, amma haka na saka ta.

Ku da ba ku taɓa shiga fili ba, ban san yadda zan gaya muku ba. Wata biyu jikina yana ƙaiƙayi. Hadir ta kawo shurin farko, na cafke ƙafar, na share ɗayar, sai ga ta a ƙasa. Ta tashi tana murmushi, irin murmushin da ke nuna yanzu aka fara. Ta ɗora min ƙwauri a haƙarƙari har na ji ɗanɗanon waken safe. Na rama. Ta rama. Kafin turmin farko ya ƙare, wani naushi ya sauka a kuncina na hagu, ban san ta inda ya fito ba.

A turmi na biyu na sake kayar da ita. Ta sake samun kuncin nan.

A na uku na riƙa zagayawa ina ajiye ta a damana, ita kuma ta gano, tana ta gusawa hagu. Sau biyu ta same ni, na biyun har kunnena ya yi ƙara. Amma a daƙiƙun ƙarshe na shige mata ciki, na ɗaga ta, muka zube tare ni a sama. Kyaftin ya buga murfin tukunyar da yake amfani da shi a matsayin ƙararrawa.

Hadir tana kwance tana haki ta ce in ba ta tawul ɗin. Na miƙa mata hannu na tashe ta. Rabon da in ji farin ciki irin wannan tun ina Mahalla.

Kyaftin Wagdi ya yafito ni zuwa bencinsa. Ya daɗe yana kallona yana kurɓar shayin da ya riga ya huce.

"Kamun ƙafar nan da sharar baya, na san mai su. Wa ya koya miki?"

"Kyaftin Abdussattar."

Ya kai yatsa ya shafi hancinsa. Ya ce shekara talatin da suka wuce mutumin nan ya karkatar masa da shi a wasan ƙarshe, har yau in sanyi ya shigo sai ya tuna da shi. Sai ga shi yana dariya. Ya ce yana sona a kulob ɗinsa, gasar bana ma zai saka ni a nauyin sittin, Hadir ta hau na sama tunda dama ba ta rabuwa da soyayyen kifi. In kawo takardar sallama kafin Alhamis, shi ke nan.

Na sunkuyar da kai. Na ce Kyaftin Abdussattar ba ya ɗaga wayata.

"Me kika yi masa?"

"Ban yi masa komai ba."

"Da za ki taho, yaya kuka rabu?"

Sai da ya maimaita tambayar.

"Na tura masa saƙon murya."

Har mazan da ke can ɓangaren suka bar buhu. Kowa a nan ya san yadda ake barin koci. Ranar horo kake zuwa, ka tsaya a kan katifa a gaban kowa, ka dunƙule hannu a cikin tafi ka rusuna, shi da kansa ya kwance maka bandejin hannunka, ya sa maka albarka. Ko gaba kuke yi, haka ake yi. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya na naɗe a saƙon daƙiƙa arba'in, daga cikin jirgin ƙasa, ana jin mai tallan shayi a bayana.

"Saƙon murya," in ji Hadir a hankali. "Ko mai kawo mana ƙanƙara ba na sallama haka."

Na ce mata ba da ita nake ba. Kyaftin ya tambayi wuraren da na je kafin nan, na lissafa masa. Da na zo kan ukun nan sai ya ɗaga hannu.

"Kuma duk kin faɗa musu sunansa?"

"Shi ne abin da nake fara faɗa."

"Suka ce ki dawo gobe."

"E."

"Goben suka kore ki."

Ya girgiza kai, ya ajiye kofin a ƙasa.

"'Yata, shekara goma sha ɗaya kina cikinmu ba ki san mu ba? Akwai kocin da zai karɓi ɗalibar wani bai ɗaga waya ba? Kina fita suke kiransa. In ya ce bai sallame ki ba, magana ta ƙare, ko zinare kike fitarwa ta hanci."

Sai da na nemi bango na jingina. Wata biyu ina zagin mutanen Iskandariyya. Na ce ba sa son baƙo, na ce tsoron mace suke yi, na rubuta muku nan shafi guda a kan mai babur. Ashe da bakina nake rufe wa kaina kowace ƙofa, ina shiga ina miƙa musu makullin ina washe haƙora. Haushin kaina da haushin Kyaftin Abdussattar suka haɗu suka rufe ni.

Na ce to shi ke nan, shi ma ya kore ni in tafi, kada ya wahalar da kansa da ƙaryar tafiya.

"Ni ba na korar mutum a bayan ido," ya ce. Ya zaro wata tsohuwar waya daga aljihu, ya nisanta ta daga fuskarsa yana neman lamba, ya danna lasifika ya ajiye ta a kan benci.

Bugu biyu aka ɗauka. Ni da na kira sau ashirin.

"Wagdi. Har yanzu kana raye?"

Muryar nan mai kaushi.

"Hancina yana gaishe ka, Abdussattar. Akwai baƙuwa a wurina."



"Ban sallame ta ba."

"Wannan ta ishi yaran can uku da suka kira ka, ni ba ta ishe ni ba. Ta yi maka sata?"

"A'a."

"Ta sayar da wasa?"

"Nermin? Ko an ɗora mata wuƙa."

"To saƙon murya ne? Ta yi rashin kunya, na yarda. Gobe in sako ta a jirgi ta zo ta rusuna a gaban yaranka, ka ja mata kunne, ka sa hannu. Kada ka kashe mata shekara saboda fushi. Yarinyar nan zinare ce, yanzu na gama ganinta turmi uku da Hadir."

Kyaftin Wagdi ya sunkuya ya duba ko wayar ta yanke.

"Ka haɗa ta da wani?" Muryar ta canza. "An dake ta? A kai?"

"Sanshu muke yi a nan, ba rawa ba."

"Sau nawa?"

Kyaftin Wagdi ya dube ni. Fara'ar fuskarsa ta tafi.

"Huɗu. Duka a hagu."

Na ji tsohon ya ja salati ta cikin wayar. Nan na kasa riƙe kaina. Na durƙusa a gaban bencin na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce shekara goma sha ɗaya ina share masa katifa, ina wanke masa safar yara, na ƙi kulob biyu na Alƙahira saboda shi. Na ce sau biyu na kawo masa azurfa, shi ne zai saka min da bin bayana gari ya gari yana toshe min hanya. Na ce jikina ne, rayuwata ce, takarda ɗaya tak nake nema, bayan Alhamis ko sunana kada ya sake ji. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta su a nan ba.

Ya bar ni na gama.

"Nermin."

Na kawar da kai daga wayar.

"Ke za ki faɗa masa, ko ni?"

"Ka rantse min, Kyaftin."

"Na rantse ba zan gaya wa mahaifiyarki ba, ban kuwa gaya mata ba. Mutum uku sun kira ni daga garin nan, ko ɗaya ban faɗa wa dalili ba. Na gwammace su ce Abdussattar ya tsufa ya zama mugu. Amma yau an dake ki a kai sau huɗu, 'yata. Shiruna ya ƙare."

To. Ku ma masu karatu akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, shafi goma ina kewaye shi.

A wasan ƙarshe na bara, turmi na biyu, na sha wani shuri a gefen kai. Na ƙarasa wasan. Kwana uku bayan haka na tashi na ga kamar an ja labule a idona na hagu. Kyaftin Abdussattar ne ya kai ni wurin likita a Tanta, shi ya zauna a ƙofa ranar da aka yi min aiki, muka ce wa mahaifiyata sansanin horo na tafi. Tantanin cikin idon ne ya yage. Aikin bai dawo da abin da ya tafi ba. Likitan ya duba na daman ma, ya ce shi ma siriri ne, irin ƙirar idona ke nan, duka ɗaya mai kyau zai iya tafiya da shi. A hanyar dawowa Kyaftin ya ce min na gama faɗa, in zo in riƙa koyar da yara mata a wurinsa.

Kuma ba kamfani ne ya dawo da ni Iskandariyya ba. Ni na nemi canjin, sau uku ina rubutawa. Na zo garin da ba wanda ya san idona. Shi ya sa ban je na tsaya a kan katifarsa ba, na san in ya kama hannuna zai kwance bandejin, ba zai bari in sake ɗaura shi ba.

Duk wannan Kyaftin Abdussattar ya faɗa a taƙaice, cikin jimla huɗu ko biyar, kowa yana ji. Hadir ta cire safarta ta jefar a ƙasa. Ta dubi hannunta na dama, ta dube ni.

"Kin bar ni ina dukan wurin," ta ce. "Ina jin daɗi na gano lagonki. Da na makantar da ke fa? In koma gida in kalli 'ya'yana da wane ido?"

Sai na juya kan Kyaftin Wagdi. Na ce maganar bara ce, idon ya warware, ina gani. Na ce takardar likita tana jakata, an auna jinina, an saurari zuciyata, an buga hatimi. Na ce hular ce ta tare min gefe, kowa ya san hular aro ba ta zama daidai. Na ce ai ya gani da idonsa, sau uku na kayar da gwanarsa.

"Na gani," ya ce. "Na kuma ga huɗun."

"Kyaftin, Alhamis ce kawai. Wasa huɗu ne zuwa zinare. Daga nan na ajiye, wallahi na ajiye."

Muryar wayar ce ta sake magana.

"Wagdi, takardar tana aljihun teburina, tun ranar da ta tafi na cike ta, sa hannu kawai ya rage. Ta ce ta warke. To ka rufe mata idon dama, ka tsaya taku uku, ka nuna mata yatsu. In ta faɗa daidai, gobe da jirgin safe ni da kaina zan kawo takardar Bahari, in tsaya a kan katifarka in ba ta haƙuri a gaban yaranka."

"In ba ta faɗa ba fa?"

"Sai ka turo min ita gida. Akwai bandejin da ban kwance ba."

Kyaftin Wagdi ya miƙe, ya tura silifas ɗinsa gefe, ya hau katifa. Ya nuna min tsakiya. Na je na tsaya. Ya ce ba da hannuna zan rufe ba, ya san halin yatsun 'yan wasa, suna da tagogi. Ya kira Hadir.

Ta zo bayana. Tafinta yana warin zufa da kifi. Ta ɗora shi a kan idona na dama, a hankali, kamar mai taɓa jariri.

Wurin ya tafi.

Hasken ƙofa kawai ya rage, fari-fari, can gefe. Ina jin fankar nan tana juyawa, ina jin masu kifi suna ciniki a waje, ina jin numfashin tsoho a cikin waya. Na ware idon iya ƙarfina har ya fara ruwa. Na ji takun Kyaftin Wagdi, ɗaya, biyu, uku.

"Yatsu nawa, Nermin?"

Na yi lissafi. Mutum ba ya nuna ɗaya, ya yi sauƙi. Ba ya nuna biyar. Tsofaffi sun fi son uku. Shekara goma sha ɗaya, azurfa biyu, ƙofa bakwai, duk suka taru a kan harshena. Na gyara tsayuwa, na saki murya yadda ba za ta yi rawa ba.

"Uku."



Hadir ba ta ɗauke tafinta daga fuskata ba. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Nermin," ta ce, "bai ɗaga hannun ba tukuna."